Na zagi Wenger a gidan kallo, yau yarana suna kirana da sunansa

Kocin Unguwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta gardamarku a nan ban taɓa tsoma baki ba, amma yau abin ya ci ni, sai na amayar.

Ni ɗan Arsenal ne tun 1999, kuma Kanu ne ya ja ni, kamar yadda ya ja rabin unguwarmu. Wasan nan da Chelsea a Stamford Bridge, an ci mu biyu, saura kamar minti goma sha biyar a tashi, ya zura uku shi kaɗai. A kaset muka kalla a ɗakin wani yayanmu, muka riƙa mayar da ta ukun baya, wadda ya yanke gola a kan layin ƙarshe ya murɗa ta daga inda ko zare ba zai shiga ba, har kaset ɗin ya fara ja. Daga Kanu na koma son mutumin da ya kawo shi, kocinmu Wenger. Wenger ya ci mana Firimiya a 1998 da 2002 da 2004, kuma a ta ƙarshen wasa 38 babu wanda ya kayar da mu, nasara 26, canjaras 12. A lokacin ko mahaifina ne ya taɓa Wenger sai mun yi 'yar muhawara.

To amma ni ɗin nan ne kuma, a watan Maris na 2017, daren da Bayern ta sake zuba mana 5-1 a gidanmu bayan 5-1 ɗin Jamus, jimilla 10-2, na hau kan benci a gidan kallo ina ihu tsohon nan ya tattara ya tafi. Na ce ya mayar da ƙungiya gadon gidansu. Na ce mutumin da ya san mutunci ba ya jira sai an nuna masa ƙofa. Mai gidan kallon sai da ya ce in sauko kada in karya masa benci. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi wasan West Brom, inda jirage biyu suka yi shawagi a saman fili, ɗaya da ƙyallen a kore shi, ɗaya da ƙyallen a bar shi, aka kuma ci mu 3-1. Da ina da kuɗi da na sa hannu a hayar na farkon.

Ga inda gizo ke saƙar. Ni tela ne, amma shekara goma sha ɗaya ke nan ina horar da yaran unguwarmu a filin wata firamare da ke bayan layinmu, kullum bayan la'asar in ban da Juma'a. Babu mai biyana ko sisi. Ƙwallayen da muke atisaye da su daga kuɗin ɗinkina suka fito, jesinmu na farko ni na yanka na ɗinka da hannuna, lambobin ma da ƙyallen da ya ragu na ɗinkin Sallah na yi su. Mun ci kofin unguwanni sau uku. Amma shekara uku ke nan ko wasan kusa da na ƙarshe ba mu leƙa ba.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi mana 4-0, kuma kocin waɗanda suka ci mu yarona ne, ni na koya masa tare ƙwallo da ƙirji. Ba cin ne ya dame ni ba. A hutun rabin lokaci ina magana, kyaftin ɗina ya sunkuya yana kwance igiyar takalminsa yana sake ɗaurawa, ya kwance ya ɗaura, har na gama bai ɗago ba. Sauran kuma idonsu na kan mataimakina, suna jiran ya ce wani abu. Da daddare ɗan yayata, wanda yake buga mana baya, ya kawo mini wayarsa jikinsa a sanyaye. Ashe suna da zauren WhatsApp da ba na ciki. Babu zagi, Allah ya sani, yaran suna da tarbiyya. Amma sunan da suke kirana da shi a ciki shi ne Baba Wenger.

Shi ne nake tambaya, kuma don Allah a ajiye adawar ƙungiya a gefe. Mece ce alamar da koci zai gani ya san lokacin ajiyewa ya yi? Yawan shan kashi ne, ko sai yara sun daina sauraro, ko sai shi ya ji a jikinsa? Shi kansa Wenger, wace shekara ya kamata ya tafi?

Na Old Trafford:

Wa'alaikumus salam Koci. Ka ce a ajiye adawa, to na ajiye, amma bari in ɗan taɓa ta kafin in ajiye: ranar 28 ga Agustan 2011, mu Manchester United muka yi muku takwas da biyu. Shi ke nan, na ajiye.

Amsar tambayarka ta ƙarshe a wurina ba ta da wahala. Mayun 2014. Shekara tara ba ku ɗaga komai ba, Mourinho kocin Chelsea yana yi masa gori a gaban 'yan jarida cewa gwani ne wajen faɗuwa, Chelsea ta yi masa 6-0 a wasansa na dubu cif. Sai ga wasan ƙarshe na kofin FA da Hull, kafin minti goma an ci ku biyu, kuka farke, Ramsey ya ci ta uku a ƙarin lokaci. Da a ranar ya ɗaga kofin ya ce jama'a na gode, da babu wanda zai taɓa hayar jirgi a kansa. Allah ya sake ba shi ƙofa a 2017 da ya ci Chelsea 2-1 a wasan ƙarshe, kofin FA na bakwai, babu kocin da ya kai haka. Maimakon ya fita sai ya sa hannu a sabon kwantaragin shekara biyu, bai ma ƙarasa ba, a Afrilun 2018 aka sanar zai tafi, ƙungiya ta ƙare ta shida.

Dubi namu tsohon. Ferguson ya tafi a 2013 da kofin Firimiya na goma sha uku a hannu, ya ba City tazarar maki 11, kuma da ɗan wasanku van Persie ya yi aikin. Ana tafa maka ake sauka daga dandali, ba sai makaɗa sun fara naɗe ganguna ba.

Kai dai ka samu ka ci wa yaran nan kofi ɗaya, ko na rago ne, ka miƙa usur a ranar.

Tsohon Gola:

Ƙanena na Old Trafford, ka yi magana mai daɗi, amma ka tsallake wani wuri. Tun da tsohon naku ya sauka ana tafi, sau nawa kuka ƙara ganin kofin Firimiya? Moyes da ya zaɓa muku da bakinsa, kwantaragin shekara shida aka ba shi, wata goma ya yi aka sallame shi. Ka ga ashe sauka da tafi mutuncin mai sauka take gyarawa, ba lallai ta gyara gidan da ya bari ba.

Sannan in da shan kashi ne ma'auni, da ba ku san wani Ferguson ba. Ya zo a Nuwamban 1986, bai ɗaga komai ba sai kofin FA a 1990. A tsakani City ta yi masa 5-1 a 1989, magoya baya suna kiran a kore shi. Shugabanninku suka toshe kunne. Na kai shekarun da zan ce muku mun ji wannan a rediyo, ba labari aka ba mu ba.

Koci, ɗana, ni ban yarda an yi wa Wenger adalci ba, kuma har da kai a masu laifin, kai da hawa benci. A 2006 aka bar tsohon filin Highbury aka koma sabon filin Emirates da bashin gini a wuya. Daga nan mutumin nan sayarwa yake ta yi: Henry ya tafi Barcelona a 2007, Fabregas da Nasri a 2011, van Persie a 2012. A daidai lokacin Chelsea tana da kuɗin Abramovich, City ta samu na Larabawa. Duk da haka kaka ashirin a jere bai fita daga huɗun farko ba, sai a 2017 ya yi na biyar. Da ya tafi me ya biyo baya? Emery da ya gaje shi bai cika shekara biyu ba. Arteta ya ci kofin FA a 2020, amma ƙungiya ta yi ta takwas sau biyu a jere. Sai a lokacin masu ihu suka gane na huɗun da suke rainawa ba a ƙasa ake tsintarsa ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A manyan ƙungiyoyi wanda ya yi murabus da kansa yakan bar sauran kuɗin kwantaraginsa, wanda aka kora kuwa sai an biya shi. Shi ya sa za ka ga koci ya san ta ƙare, kowa ya sani, amma yana zaune yana jiran takarda. Ba taurin kai ba ne kullum, lissafi ne. Su ma ƙungiyoyin ba su san alkunya ba: Ranieri ya ci wa Leicester Firimiya a 2016, abin da ko a mafarki ba su taɓa gani ba, a Fabrairun 2017 suka sallame shi. A gida ma mun gani. Marigayi Keshi ya ci kofin Afirka a 2013, washegari ya ce ya ajiye, aka lallashe shi ya janye, a 2015 aka kore shi. Wani lokaci nakan ce da ya tsaya a kan maganarsa ta farko.

Kai ba ka da kwantaragi, ba ka jiran kuɗin sallama, saboda haka tambayata gare ka daban ce. In ka tafi, wa zai sayi ƙwallo? Wa zai je ya roƙi hedimasta ya bar muku fili? Wa iyaye za su yarda su ba shi 'ya'yansu a tafi da su wasa wani gari? Mataimakin nan da suke kallo, ya taɓa cire kuɗin mota daga aljihunsa? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

'Yar Anfield:

Baba Tsohon Gola, da girmanka, amma zan ɗan saɓa maka. Duk tambayoyin da ka jera gaskiya ne, sai dai ni tsoro suka ba ni. In mutum ya yi shekara goma sha ɗaya a wuri, kuma har yau babu wanda ya san hanyar ofishin hedimasta sai shi, wannan ba hujjar zama ba ce, aikin da ya rage masa ne bai yi ba.

Malam Koci, ni malamar makaranta ce, kuma abin da ka faɗa na igiyar takalmi na san shi. Akwai ajin da na riƙe shekara uku a jere, a ta ukun in na buɗe baki sun riga sun san ƙarshen jimlar. Ba raini ba ne, kunne ne ya saba. Da aka ba wata sabuwar malama, abin da nake faɗa shi take faɗa, amma sai ka ga suna rubutawa.

Klopp nake so ka duba. A Janairun 2024 ya sanar zai tafi a ƙarshen kaka, alhali Liverpool tana saman tebur, kuma da sauran shekaru biyu a kwantaraginsa. Dalilin da ya bayar shi ne ƙarfinsa yana ƙarewa. Tun a Nuwamba ya gaya wa shugabanni, suka samu lokacin neman magaji a natse. Kafin nan ya riga ya sabunta tsakiyar fili, ya kawo Mac Allister da Szoboszlai da Gravenberch. Slot ya zo, kusan da 'yan wasan da ya tarar, ya ci Firimiya a kakarsa ta farko. Na yi kuka ranar da Klopp ya yi bankwana, mijina yana ta yi mini dariya, amma ya bar mana tukunya a kan wuta.

Kwatanta da Zidane a Real Madrid. Shi ma ana tafi ya sauka, kwana biyar bayan ya ci kofin Zakarun Turai na uku a jere a 2018, kuma mu ya ci, ban manta ba. Ronaldo ya bi bayansa ya fice. Lopetegui da ya gaji Zidane bai wuce Oktoba ba, Barcelona ta yi masa 5-1, Solari ma bai daɗe ba, a Maris na 2019 sai da aka je aka dawo da Zidane. To ka ga ba ranar tafiya ce kaɗai abin dubawa ba.

Kuma shawarar a jira a ci kofi kafin a sauka, yi haƙuri ɗan'uwa na Old Trafford, ita ce tarkon. In an ci sai mutum ya ce ai ga shi abin ya dawo, bari in ƙara shekara. Abin da ya faru da Wenger ke nan a 2014 da 2017.

Lamba Takwas:

Koci, ni ba yaronka ba ne, a wani gari nake bugawa, amma shekaruna ashirin da ɗaya, bari in faɗa maka abin da yaranka ba za su iya faɗa a gabanka ba. Ka yafe mini in na yi tsauri.

Mu ma muna da zauren da kocinmu ba ya ciki. Kowace ƙungiya tana da shi, wannan kada ya hana ka barci. Abin da muke faɗa a namu shi ne atisayenmu bai canza ba tun ina ɗan shekara sha huɗu. Zagaye fili goma, tsalle-tsalle, a raba mu biyu a buga har magariba. Mu kuma muna kallon yadda ake atisaye a waya, muna ganin yadda ake fita da ƙwallo daga gola, yadda ake matsa wa abokan karawa tun daga gidansu. In ɗayanmu ya kawo shawara sai a ce yaushe aka haife ka. Kuma akwai mutum biyu da ko da ƙafa ɗaya suka zo sai sun buga, don sun daɗe da shi. Muna son mutumin nan har zuciya, ranar da mahaifina ya rasu shi ya fara zuwa. Amma in yana magana a hutun rabin lokaci ni ma takalmina nake kallo.

Wani abu da na lura da shi game da tsofaffin nan biyu da ake ta kwatantawa. Ferguson ya daɗe, amma muryar da 'yan wasa ke ji a filin atisaye tana canzawa. Ya yi aiki da Brian Kidd, ya yi da McClaren, ya kawo Queiroz daga waje har sau biyu, daga baya Phelan da Meulensteen. Yana barinsu su gudanar da atisaye, shi yana gefe yana kallo. Wenger kuwa Pat Rice ne mataimakinsa tun 1996 har 2012. Ban ce wannan ne kaɗai dalili ba, amma in kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza, shi kuma Ferguson makaɗan yake canzawa.

Sunan da suka sa maka ma, ka sake dubawa. Ba su ce maka Moyes ba.

Kocin Unguwa:

Na gode ƙwarai, kowa na karanta nasa sau biyu. Lamba Takwas, Allah ya yi maka albarka, ka soke ni inda ya dace. Zagaye goma ɗin nan kamar a filinmu kake tsaye. Mutum biyun da ba a cirewa ma ina da su, ɗaya ma ɗan aminina ne. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Baba, tambayarka ta wa zai sayi ƙwallo ita nake fakewa da ita shekara biyu ke nan. Amma da Malama ta juya ta sai na ji kunya, don gaskiya ban taɓa tafiya da mataimakina wurin hedimasta ba, ban taɓa nuna masa littafin da nake rubuta kuɗin da iyaye ke bayarwa ba. Ba don ban yarda da shi ba. Ina jin daɗin a ce sai ni.

Abin da ban faɗa a farko ba shi ne wannan. Ba tsoron rushewar ƙungiya ne ya fi damuna ba. In an sallame la'asar ƙafata da kanta take juyawa hanyar fili. Ranar Juma'a da ba ma fita, matata cewa take na cika mata gida da zirga-zirga. In na ajiye, ƙarfe huɗu ta yi, ina zan nufa? Sai yanzu na fahimci mutumin da na hau benci ina zagi. Wasa 1,235 ya ja ragamar ƙungiyar nan. Bayan ya tafi ya faɗa da bakinsa a wata hira cewa wataƙila zama shekara 22 a wuri ɗaya kuskure ne, kuma bai sake taka Emirates kallon wasa ba sai a Disambar 2022, fiye da shekara huɗu. Da na ɗauka fushi ne kawai.

Jiya na gwada wani abu. Da muka taru na ciro usur daga wuyana na miƙa wa mataimakina, na ce yau kai za ka yi, ni ƙafata ke ciwo. Ƙarya nake, lafiyata ƙalau. Na koma gindin darbejiyar da ke bakin fili na zauna a kan bulo. Ya jera duwatsu ya yi musu wani ɗan murabba'i, huɗu a waje biyu a ciki, taɓawa biyu kawai. Yaran suna ihu suna dariya, wani yaro da na daɗe ina ajiyewa a benci saboda ƙanƙanta ya hana kowa ƙwallo. Sau uku na miƙe zan yi gyara, sau uku na koma na zauna. Wani mai rake da ke wurin ya tambaye ni ko an sauke ni ne, na ce masa a'a, hutawa nake.

Da aka tashi kyaftin ya zo ya durƙusa ya tambayi jikin ƙafa. Mataimakin ya miƙo mini usur, na ce ya riƙe zuwa Alhamis. Makullin akwatin ƙwallaye dai yana aljihuna, ban kai ga ba da shi ba tukuna. Muna da wasa ranar Lahadi, kuma har yanzu ban yanke wanda zai fitar da sunayen sha ɗayan farko ba.

Na Old Trafford:

Ka bar shi ya fitar, Koci. In an ci ku ka ce ƙafa ce ta hana ka, in kun ci ka ce kai ka koya masa. Kuma yaron nan ɗan ƙarami a sa shi daga farko, ina jiran sakamako ranar Lahadi da daddare.